Koren Fenti a Kan Yayana

Yanzu ba mai kawo mini allo. Da safe nakan buɗe shago, in share, in zauna a benci ina kallon yaran da ke tsallaken titi, waɗanda suka ajiye wani inji mai tsawon gado. Mutum zai zo da hotonsa a cikin waya, kafin ya gama shan ruwan leda an fito masa da fuskarsa a kan tamfol, ta fi ƙofar gida girma, an goge masa ƙuraje, an ƙara masa haske. Ba na jin haushinsu, su ma abinci suke nema. Amma gwangwanayena sun bushe, burusaina sun ƙage, hannun ma ya fara rawa idan na ja layi. Mu a zamaninmu kafin ka ga shagon mai fenti sai ka fara jin sa a hanci, kuma wanda ke son a zana shi dole ya zauna ya yi haƙuri, ku yi hira, ka san shi ya san ka. Tunda aikin ya ɗauke, ba ni da abin yi sai tunani, tunanin kuma kullum wuri ɗaya yake kai ni.

Ni da Yayana muka zo garin nan lokacin da bai zama gari ba. Soja sun koma bariki, farar hula sun hau, ana ta cewa kuɗin mai ya yi yawa har gwamnati ta rasa inda za ta zuba shi, shi ya sa za ta gina sabon birni a tsakiyar daji. Abin da na fi tunawa shi ne ƙara. Katafila tana tunkuɗe itatuwa tun fitowar rana, tifofi suna juye tsakuwa, can kuma da hantsi sai a busa usur, kowa ya tsaya cik, a fasa dutse da nakiya har ka ji a ƙirjinka. Jar ƙasa ta shiga ko'ina, ta rina mana riguna da haƙora. Matan Gbagyi suna wucewa a jere da doya da itace a kafaɗa, suna bin tsohuwar hanyarsu duk da an shata titi a kanta. A Karu muka kama ɗaki ciki da falo, Yaya da matarsa a ciki, ni a falo tare da gwangwanayena. Da asuba ni ke zuwa rafi da jarka biyu, matar Yaya ta dama koko, mu sha a tsaye mu ruga bakin hanya mu jira motar leburori. Yau duk wannan hanyar shaguna ne da gadoji da cunkoson motoci, rafin kuwa ya koma kwata, yara ba su ma san an taɓa shan ruwansa ba.

Yaya ya girme ni da shekaru da yawa, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Shi ya kai ni wurin wani mai zanen bayan motoci a Zariya, ya yi ta dako a tasha har na koyi sana'ar. Ko da muka zo Abuja bai yarda na kama shebur ba. Yakan ce, "Auta, hannunka ba na siminti ba ne. Ni in ɗauki nauyin, kai ka riƙe burushinka." Haka na riƙa rubuta allunan shaguna da na masu abinci, ina zana zakuna da dawisu a bayan manyan motoci, shi kuma yana leburanci.

A cikin wannan leburancin aka sa su share wani fili a bayan gidajen manyan ma'aikata, inda ake gina kulob. Filin tanis za a yi. Wani Bature injiniya ya lura Yaya yana da ido, yana gane inda ƙasa ta karkata ba tare da ma'auni ba, sai ya ce a bar shi ya riƙa kula da filin. Aikin ya zame masa kamar gona. Kowace safiya zai yayyafa wa jar ƙasar ruwa, ya ja wani ƙaton ƙarfe mai nauyi yana daddale ta, ya share, sannan ya ja layuka da farar ƙasa, miƙaƙƙu kamar an sa zare. Idan la'asar ta yi manya suka fara isowa da motocinsu, sai ya fita ya tsaya a bayan shingen waya, domin doka ce ƙaramin ma'aikaci ba ya zama a ciki idan ana wasa. Ƙwallon da ta tsallake shinge shi ke tsintowa a cikin ciyawa ya jefa musu.

Bai taɓa buga ƙwallo a filin nan ba ko sau ɗaya, amma ya san wasan fiye da wasu masu yin sa. Daga ƙarar ƙwallo kawai yakan gane wanda ke bugu, ko da ya juya baya. Idan mun dawo gida sai ya yi ta ba mu labari yana kwaikwayonsu da murfin tukunya, matarsa tana dariya tana cewa ya ajiye mata kayanta. Abin yana ba shi mamaki ƙwarai, a ce mutum ya wuni a ofis mai sanyi, sannan ya sa fararen kaya ya zo yana guje-guje don kawai ya jiƙe. Wata rana ya ce mini, "Ka san bambancinmu da mutanen nan? Mu gumi muke sayarwa, su kuma saye suke yi." Ba da ɗaci ya faɗa ba. Yana son su, yana son filinsa, idan wani ya yaba santsin ƙasar sai ya wuni yana murmushi.

Ni na rubuta allon da aka kafa a ƙofar kulob ɗin, Yaya ne ya samo mini aikin. A nan shugaban kulob ya gan ni. Babban ma'aikaci ne a ofishin da ke raba filaye da shaguna, Bahaushe kamarmu, amma kowa Oga yake ce masa. Ya ce a ƙasashen da ya je ya ga irin waɗannan wurare suna da babban zane a bango, shi ma yana son a yi wa sabon zauren da suke ginawa. Hoton wasan tanis yake so, shi da Baturen nan suna karawa. Ya tambaye ni ko zan iya, na ce zan gwada.

"Ba gwaji nake so ba," in ji shi. "Idan ka yi mini abin da ya burge ni, akwai shago a sabuwar kasuwa. Kana da shago?"

Na ce ba ni da shi, a gindin bishiya nake aiki.

"To, ka ga ni. Ka yi aikinka, in yi nawa."

Aka ba ni faffaɗan katako mai santsi wanda sai mutum biyu ke ɗagawa, aka ba ni wuri a rumfar da ke gefen fili. Kusan mako uku ina zuwa kowace la'asar. A nan na fara ganin yadda masu hali ke hutawa. Matan manya suna zaune a ƙarƙashin lema mai launi, da tabarau, da kofunan lemo da ƙanƙara a ciki, a lokacin da mu ko ruwan randa mai sanyi sai an yi sa'a. Ba sa ɗaga murya. Idan an yi bugu mai kyau sai su tafa a hankali da yatsu, su koma hirarsu ta Landan da ɗinkin labule. Akwai wani mai hidima, mutumin Jos ne, Kirista, mai kirki, yana yawo da faranti cikin farar riga, wani lokaci ya faki ido ya ajiye mini ragowar lemo a bayan katakona. Duk na zana su. Na zana Oga ya yi tsalle da raket a sama, na rage masa tumbi kamar yadda ya nema. Na zana Baturen ya durƙusa yana jiran ƙwallo, fuskarsa ja wur. Na sa motocin da aka jera, da dutsen da ke can nesa, da inuwar raga a kan jar ƙasa.

Sai kuma bayan shinge. Ban yi wani dogon tunani ba, abin da idona ya gani shi na sa. Kullum akwai mutane a wurin: leburorin da suka tashi aiki suna jiran mota, mata biyu ko uku da suka sauke kayansu suna hutawa, kowa ya manna fuska a waya yana kallon ikon Allah. A tsakiyarsu kuma Yaya, ya saƙala yatsunsa a wayar, ƙarfen daddalarsa na gefe. Da na gaya masa zan sa shi, sai ya ƙi, ya ce shi wane ne. Bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba a rayuwarsa, yana ganin ɓata kuɗi ne. Amma washegari na ga ya zo da hularsa ta Juma'a a cikin leda, shuɗiya mai aikin zare, ya sa ta bayan ya gama ban ruwa. Ya tsaya mini kwana huɗu. Na yi fuskar nan da dukkan abin da na iya, har da tabon da ke gefen girarsa, kuma ko a lokacin na san ta fi ta Oga kyau. Ya leƙa ya gani, sannan ya ce, "Ashe haka nake." Kafin mako ya ƙare duk layinmu a Karu an san cewa Yaya zai shiga bangon manya.

Ana saura kwana kaɗan a buɗe zauren Oga ya zo duba aiki. Ya tsaya ya harɗe hannu, ya yaba tsallensa, ya yaba motarsa. Sai idonsa ya kai bayan shinge.

"Su wane ne waɗannan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, mutanen da ke tsayawa kallo ne."

"Na san suna tsayawa. Amma baƙi za su zo daga ƙasashen waje su zauna a zauren nan. So kake su ɗauka gidan yari muka gina? Cire su. Sa shuke-shuke, ganye da furanni, yadda wurin zai zama nan gaba."

Na nuna masa da burushi, na ce, "Wannan yayana ne. Shi ke gyara filin."

Ya matso ya duba, ya ce lallai ya yi kama. Bai yi fushi ba, bai ɗaga murya ba, da ma ya yi da na fi samun abin riƙewa. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka yi masa nasa daban ya rataye a ɗakinsa, ai ya fi masa amfani. Takardar shagonka tana kan teburina." Ya shiga mota ya tafi.

Washegari da safe, Yaya yana can ƙarshen fili yana jan ƙarfensa, na juya katakon na ba shi baya, na haɗa kore. Da matan na fara, sannan leburorin, ɗaya bayan ɗaya. Shi na bari ƙarshe. Ina jin ƙarar ƙarfen yana murƙushe tsakuwa, ya je ya dawo, ya je ya dawo, ni kuma ina ɗora ganye a kan ƙirjinsa, da wuyansa, da hular. Kafin azahar na gama, na ɗiɗɗiga jajayen furanni a sama, aka ɗauki katakon aka shiga da shi ciki. Na yi niyyar gaya masa a hanyarmu ta komawa gida, sai na ga yana raha da direba, na ce sai gobe. Gobe ta zo na ce sai jibi.

Ranar buɗewa, tun da hantsi kafin baƙi su iso, Yaya ya zo da matarsa, tana goye da ɗansu na fari, da maƙwabtanmu biyu da suka bar aikinsu don su gani. Ya sa hular nan. Mai hidima ya san abin da ya faru, ya dube ni, na sunkuyar da kai, sai ya buɗe musu ƙofar kicin ya ce su yi sauri kafin Oga ya zo. Suka cire takalma duk da ba wanda ya ce su cire. Hoton yana rataye a tsakiyar bango, an yi masa firam mai ruwan zinariya.

Yaya ya tsaya a gabansa. Na ga idonsa ya tafi kai tsaye inda ya san yake, ya tsaya a wurin, ya ɗan zagaya ko ya yi kuskure, ya sake dawowa. Mai hidima ya fara cewa, "Ba laifin yaron ba ne, Oga ne ya ce..." Yaya ya ɗaga masa hannu.

Matarsa ta ce, "To, kai ina kake?"

Ya ce, "Ina bayan ganyen nan, aiki nake yi."

Maƙwabtan suka yi 'yar dariya, suka ga ba wanda ya taya su, suka daina. Ya juyo wurina ya ce, "Auta, ganyen ya yi kyau. Kamar ka taɓa ka ji sanyi." Ya cire hular ya miƙa wa matarsa ta riƙe, ya ce su koma gida, shi zai je ya yi wa fili ban ruwa domin manya za su yi wasa da yamma.

Bai taɓa tayar da maganar ba har ya bar duniya. Na samu shagon, shi ya taya ni kafa kanta da rataye ƙofa. Na ce masa ya zo ya zauna in yi masa nasa, ya ce to, wata rana. Lokacin zaɓe ya ƙarato, 'yan siyasa suka cika ni da aiki, ina zana fuskokinsu a kan yadi dare da rana har na ɗauki masu taya ni. Da na sake tuna masa sai ya ce, "Bar shi kawai, tsayuwar tana sa ni ciwon baya." Muna ci a kwano ɗaya, muna gaisawa, amma ya daina kwaikwayon 'yan wasa da murfin tukunya, ni kuma na daina iya kallon idonsa. Daga baya soja suka dawo, ayyuka suka tsaya, Turawa suka tattara suka tafi. Aka zuba wa filin siminti aka shafa masa fenti, ba ya bukatar ruwa kuma ba ya bukatar mai daddala. Aka sallami Yaya. Na ce ya zo mu zauna a shago tare, ya ce shi bai iya zama ba. Ya kwashe iyalinsa ya koma Abaji, inda dangin matarsa suke, ya kama noman doya. Sau uku na je gaishe shi. A wata damina aka aiko cewa ba shi da lafiya, na tsaya in ƙarasa wani allo, da na isa an riga an dawo daga maƙabarta.

Shekaru suka shuɗe. Wata rana wani saurayi ya yi sallama a shagona, dogo, direban motar haya. Jaririn nan ne da aka goya. An yi masa haihuwa, ya sa wa yaron sunan mahaifinsa. Bayan mun gaisa ya ce, "Baffa, ni ban san fuskar Baba ba, ina ƙarami ya rasu. Inna ta ce akwai hotonsa a wani wuri a garin nan, kai ka yi, wai an rufe shi ne kawai. Ba a iya buɗewa?"

Na ce ban sani ba, amma mu je. Kulob ɗin ya zama wani abu dabam, gilasai da masu gadi da kaki, ba wanda ya san ni, Oga ya daɗe da rasuwa. Sau biyu ana mayar da mu daga ƙofa. A na uku wani mai shara ya ji bayaninmu ya ce ya san katakon, yana bayan ɗakin janareta an tokare wata taga da shi. Suka ce mu ɗauka, dama shara ce. Ruwa ya ci gefe ɗaya, matan da ke ƙarƙashin lema sun dusashe, amma Oga yana nan a sama da fararen kayansa, ganyen ma yana nan shar.

Muka jingina shi a ƙofar shago inda haske yake. Na jiƙa tsumma da tina, ruwan da muke tsinka fenti da shi, na ɗauki reza, na yi bisimilla. Na san wurin ba tare da na auna ba. Na fara shafawa a hankali, koren ya yi laushi ya fara tashi. Shuɗin hular ya leƙo, har da ɗan zaren aikin, ɗan Yaya ya matso kusa. Amma fentin mai idan ya shekara a kan ɗan'uwansa ba ya rabuwa. Abin da ya narkar da na sama shi ya narkar da na ƙasa. Ina ƙara shafawa shuɗin ya bi koren, ƙasa-ƙasan fatar ya bi su, duk suka cakuɗe suka zama laka a jikin tsumma. Na koma reza ko zan tsira da ido ɗaya, sai ga farin katako.

Yaron ya ce, "Baffa, tsaya haka nan."

Na ce zan zana masa daga ka. Na yi mako guda ina yi, takarda bayan takarda. Fuskar Oga ko yanzu aka ce in yi zan yi ta ido rufe, saboda na ƙure mata kallo don in faranta masa. Ta Yaya kuwa, wanda ya goya ni, sai ta riƙa zamewa. Na tuna tabon, na tuna hular, amma abin da ke tsakani ya ƙi zama. Wadda na ga ta fi dama na ba yaron ya kai Abaji, ya dawo da ita ya ce Inna ta duba ta ce wannan wani bawan Allah ne, amma ba mijinta ba.

Da zai tafi sai ya roƙe ni in yanke masa wurin da na kankare. Na ɗauko zarto na yanka masa. Guntun katako ne kamar faɗin tafin hannu biyu, ba komai a kansa sai ɗan shuɗi-shuɗi a gefe. Ya naɗe shi a hankici ya kai wa uwarsa. Ya ce da ta karɓa ta daɗe tana shafa shi da babban yatsa, ta tambaya ko nan ne daidai inda ya tsaya. Ya ce mata nan ne. Ta buɗe akwatinta ta sa shi a ƙasan kayanta.